Tsohon Kati Mai Giga 11: Cinikin Da Na Yi Da-Na-Saninsa

Duk wanda ke buga gem a kwamfuta ya san cewa a cikin kayan da ke cikin akwatin nan babu mai cin kuɗi kamar katin hoto, wanda masu sana'ar ke kira GPU. Shi ne ke zana duk abin da ido ke gani a allo: ciyawar filin ƙwallo, inuwar ɗan wasa, hayaƙin mota, saukar ruwan sama. Sau da yawa kuɗinsa shi kaɗai yakan kusa rabin kuɗin kwamfutar baki ɗaya. Shi ya sa tambaya ɗaya ke yawo a bakin matasanmu na Kaduna, daga Barnawa zuwa Narayi, daga Kakuri zuwa Sabon Tasha: da ɗan abin da ke hannuna, in sayi tsohon kati wanda a zamaninsa shi ne sarki, ko in sayi sabo wanda a cikin 'yan'uwansa shi ne auta? Ni dai na amsa wannan tambaya a farkon shekarar 2024, na kuma amsa ta ba daidai ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin da suka salwanta ba nawa ba ne ni kaɗai. Don haka na ga ya dace in fito fili in faɗi yadda aka yi, ko Allah zai sa wani ya tsira da nasa.

Ɗan yayata ne ke zaune a wurina a Barnawa. Da rana yana amfani da kwamfutar gidan wajen tsara katunan biki da fastocin talla yana samun na kashewa, da daddare kuma mu zauna mu biyu mu buga ƙwallo a EA Sports FC ko mu shiga GTA V. Katin da ke cikinta ya gaji, muka yi shawarar haɗa kuɗi mu sauya shi. Rabin kuɗin nasa ne, guminsa ne na watanni. Sai dai lokacin bai yi mana daɗi ba. Tun watan Yunin 2023 da Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta dinga hawa, har a watan Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Duk wani abin da ake shigo da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo, kayan kwamfuta kuwa babu ko ɗaya da ake ƙerawa a nan.

Zaɓi biyu ne suka tsaya a gabanmu. Na farko RTX 4060, sabo fil a kwalinsa, a wani shago da ke ƙetaren kogi cikin gari, da rasit da garanti. Kamfanin Nvidia ya fito da shi a watan Yunin 2023 a kan dala 299, yana da ma'ajiya giga 8. Na biyu GTX 1080 Ti, na hannu, a wurin wani ɗan kasuwa a Legas wanda ya rantse cewa daga Ingila aka kawo shi, kuma wani ne ya ɗan yi amfani da shi a ɗakinsa. Wannan kati ya fito ne a watan Maris na 2017 a kan dala 699, da ma'ajiya giga 11, kuma har yau masu gem na duniya suna ambatonsa da girmamawa. Kuɗin da ɗan kasuwar ya sa masa bai kai na sabon ba.

Na ɗauki takarda na jera lambobi. Giga 11 a nan, giga 8 a can. Faɗin hanyar da bayanai ke bi tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ma'ajiyarsa bit 352 a tsohon, bit 128 kacal a sabon. Dala 699 a nan, dala 299 a can. Duk layin da na duba, tsohon ne ke kan gaba. Sai na kawo wa kaina misalin da duk ɗan Kakuri zai kawo: Fijo 504 da aka dinga harhaɗawa a masana'antar Peugeot ta unguwarsu tun daga 1975, wadda har yau za ka gan ta tana ɗaukar kaya a hanyar Kachia alhali motocin da suka zo bayanta sun daɗe a wurin 'yan gwangwan. Na ce ai kayan da can an yi su ne don su daɗe, na yanzu kuwa kwalliya ce kawai.

Yaron ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a hankali, "Kawu, wutar fa? Na ga an ce wannan yana shan wat 250, wancan kuwa 115." Na ce masa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya sake cewa, "To Kawu, garantin fa?" Na ce kati irin wannan ba ya buƙatar garanti, sunansa ne garantinsa. Ya yi shiru, irin shirun da yaro mai tarbiyya ke yi idan babba ya rufe magana. Na tura kuɗi.

Kafin in ci gaba, ya kamata in yi wa kaina adalci kaɗan, domin hujjata ba duka ce ta banza ba. Giga 8 ta fara yi wa wasu sababbin wasanni kaɗan. A shekarar 2023 wasanni irin su Hogwarts Legacy da The Last of Us Part I sun wahalar da katuna masu giga 8 idan aka ɗaga kyawun hoto zuwa ƙololuwa, kuma masu gwajin kayan kwamfuta sun soki Nvidia sosai a kan ƙarancin ma'ajiyar RTX 4060. Wajen gudu kuma, a wasannin da ba su buƙatar sabuwar fasaha, katunan biyu kusan kunnen doki suke yi, sabon yana ɗan shan gaba a mafi yawansu. Kuskurena ba a cikin lambobin da na jera yake ba. Yana cikin lambobin da na ƙi jerawa.

Saƙon ya iso ta motar Legas, na je garejin Television na karɓo shi. Babu kwalinsa na asali, babu rasit, an dai naɗe shi da leda mai kumfa an liƙe da salatif. Da muka zo sakawa sai lissafin farko ya fito. Katin yana buƙatar wayoyin wuta biyu, mai baki 8 da mai baki 6, kuma Nvidia da kanta ta ba da shawarar akwatin wuta mai wat 600 ga duk kwamfutar da za ta ɗauke shi. Namu mai wat 450 ne, irin mai arha ɗin nan. Dole muka sake ƙetara gada muka sayo wani. A nan take mafi yawan rarar da nake taƙama da ita ta tafi. RTX 4060 kuwa waya ɗaya mai baki 8 ta ishe shi.

Makonnin farko sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Hoto tas, babu tsaiko. Na dinga kallon yaron ina murmushi irin na wanda ya ci gardama. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne allon da muke kallo mai 1080p ne, kuma ba ya iya nuna hoto fiye da 60 a daƙiƙa ɗaya. Duk wani ƙarfin da katin ke da shi sama da haka, wuta kawai yake ƙonawa, ido ba ya ganinsa. Wasannin da muke bugawa kuwa, kati mai rabin ƙarfinsa ma zai kai su hoto 60 ba tare da ya yi gumi ba.

Sai maganar wuta ta zo, wadda yaron ya faɗa na toshe masa baki. A farkon watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Layinmu yana cikin wannan rukuni. Ratar da ke tsakanin katunan biyu wat 135 ce. Idan mutum yana wasa awa 4 a rana, wannan rata ta haura rabin yunit kullum, kusan yunit 16 a wata, wato sama da naira 3,600 a farashin 225. A shekara kuɗin ya haura naira 43,000, kuma wannan ƙarin ne kawai, ba dukkan abin da kwamfutar ke sha ba. Wani zai ce wannan ba abin tashin hankali ba ne, kuma da mita kaɗai ce matsalar da na yarda da shi.

Amma mu a nan ba mita kaɗai muke biya ba. Idan aka ɗauke wuta inbata muke komawa. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda, amma duk mai sola zai gaya maka cewa in kana so irin batirin ruwan nan ya daɗe, kada ka sha fiye da rabinsa. Saura 1,200 ke nan. Kwamfuta mai GTX 1080 Ti tare da allonta, idan wasa ya yi zafi, takan ja kusan wat 400, batirin ya ƙare cikin awa 3. Da RTX 4060 ne a ciki, abin da za ta ja bai fi wat 260 zuwa 270 ba, batirin ya kai awa 4 da rabi. Kuma wannan batirin shi ne ke riƙe da fanka da fitilun gida da cajin wayoyi. Ba a daɗe ba uwargida ta kafa doka: in an ɗauke wuta, a kashe kwamfuta. Ƙaramin janaretan da muke da shi, irin mai wat 650 ɗin nan, da zarar wasa ya fara sai muryarsa ta sauya, fitilu su dinga lumshewa. Fetur kuwa tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ya fi ƙarfin a ƙona shi don wasa.

A watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, wani layin kuma ya samu matsala, arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu. A kwanakin nan ne na ga asarar da idona. Yaron yana da ayyukan mutane a hannu, ga ranar biki ta matso, amma kullum sai ya dinga auna batir kafin ya kunna kwamfuta, domin aikinsa na tsara hoto ma katin yake motsawa. Wasu ayyukan sai da ya kai su shagon wani abokinsa ya biya kuɗi aka ƙarasa. Bai ce mini komai ba. Da ya yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Me ya sa sabon kati ƙarami ke yin aikin tsohon babba da ƙasa da rabin wuta? Amsar tana cikin yadda ake ƙera ƙwaƙwalwarsa. GTX 1080 Ti an ƙera shi da fasahar nanomita 16, RTX 4060 kuma da ta kusan nanomita 5. Duk lokacin da ƙananan makunnan da ke cikin ƙwaƙwalwar suka ƙara ƙanƙanta, wutar da suke buƙata tana raguwa, gudunsu yana ƙaruwa. Sannan sabon katin yana da wata ma'ajiya ta kusa a cikin ƙwaƙwalwar kanta mai mega 24, alhali ta tsohon ba ta kai mega 3 ba. Wannan ce ke sa ba ya yawan buƙatar bin doguwar hanyar nan da na ga ƙanƙantarta na raina. Ashe lambar da na fi dogara da ita, bit 352 da bit 128, ba a kwatanta ta kai tsaye tsakanin katunan da shekara 6 ke tsakaninsu.

Duk wutar da kati ya sha kuwa zafi take komawa. Masu gwajin da na dinga kallon bidiyonsu suna aiki ne a ɗakuna masu sanyi, digiri ashirin da 'yan kai. A Kaduna cikin Maris da Afrilu zafin rana yakan haura digiri 35, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka. An tsara wannan kati ne ya fara rage gudunsa da kansa idan zafinsa ya kai wajen digiri 84. A ɗakinmu cikin bazara minti kaɗan yake yi ya kai nan, fankokinsa su dinga ƙara, wasan ya fara ɗingishi. Hunturu ya zo da nasa: ƙura ta cika tsakanin ƙarafan da ke fitar da zafi, iska ta kasa wucewa. Kati mai wat 115 ma yana shan ƙura, amma zafin da zai fitar bai kai rabin na wancan ba, don haka yana da sararin jurewa.

A watan Disambar 2024 wani abu ya faru wanda ya nuna mini cewa ƙarfi daban, zamani daban. An fito da wasan Indiana Jones and the Great Circle, yaron yana ta ɗokinsa. Wasan bai buɗe ba sam. Ba wai yana tafiyar hawainiya ba ne, a'a, ya ƙi tashi gaba ɗaya, domin an gina shi ne a kan fasahar bin sawun haske, wadda ke lissafa yadda haske ke faɗawa a kan abu ya dawo. Wannan fasaha tana buƙatar wasu sassa na musamman a jikin kati, waɗanda Nvidia ta fara sakawa a jerin RTX 20 a shekarar 2018, AMD kuma a jerin RX 6000 a 2020. Katinmu ya riga su zuwa duniya. RTX 2060, wanda bai kai namu ƙarfi ba, yana iya buɗe wasan, namu mai giga 11 yana kallo. Haka ma abin yake da Doom: The Dark Ages da ya fito a watan Mayun 2025. Tun kafin nan ma, Alan Wake 2 da ya fito a Oktoban 2023 ya wahalar da katunan jerin GTX 10 saboda wata sabuwar hanyar zana siffofi da ba su da ita, sai da masu yin wasan suka yi gyara daga baya. Wannan gargaɗi ne da ya fito watanni kafin in saya, ban dai neme shi ba. Ga kuma DLSS, dabarar da ke sa kati ya zana hoto ƙarami sannan ya faɗaɗa shi ya fito tas, wadda ke ƙara gudu ta rage shan wuta. Ita ma sai katin RTX.

A farkon 2025 alamun ciwo suka bayyana. Muna tsakiyar wasan ƙwallo sai wasu ƙananan murabba'ai kore da ruwan hoda suka dinga walƙiya a kan ciyawa. Wani lokaci fuskar ɗan wasa ta miƙe ta zama dogon tsini har gefen allo. Daga nan allon ya yi baƙi, sauti yana ci gaba. Na ɗauki katin na kai wa wani mai gyara a Kakuri. Ya juya bayansa, ya ɗaga shi wajen haske, ya ce, "Oga, zo ka gani." Kawunan sukurori huɗun da ke riƙe da ƙarfen sanyaya duk sun cinye saboda yawan kwancewa da ɗaurewa, ɗan tambarin da kamfani ke liƙawa a kan ɗayansu babu shi. Da ya buɗe, man da ake shafawa a kan ƙwaƙwalwar ya bushe ya tsattsage, 'yan katifun da ke kan ma'ajiyar sun narke sun bar maiƙo, allon katin kuma a kewayen ma'ajiyar ya sauya launi ya yi ɗorawa-ɗorawa. Ya kaɗa fanka ɗaya da yatsa, ta yi ƙara ta tsaya nan take. Ya ce, "Wannan ba ɗakin wani ya zauna ba. Wannan haƙa ya yi, dare da rana. Kafin ka saya, da ka kawo na duba maka."

Haƙar da yake nufi ita ce ta kuɗin kirifto. A shekarar 2017, sannan kuma a 2021, farashin Ethereum ya tashi, mutane a faɗin duniya suka dinga sayen katunan hoto suna jera su a kan katakai suna haƙa, babu kashewa. Masu haƙa sukan ƙure gudun ma'ajiyar kati domin a nan ribar take, shi ya sa ma'ajiya da fankoki ne suka fi jigata. A ranar 15 ga Satumbar 2022 Ethereum ya sauya tsari zuwa wanda ba ya buƙatar katuna. Cikin dare ɗaya ɗimbin katuna suka rasa aikin yi, aka wanke su, aka goge, aka watsa su kasuwannin duniya, musamman inda mai saye ba shi da wurin kai ƙara. Ba kowane katin haƙa ne ke mutuwa da wuri ba, akwai waɗanda aka kula da su. Amma mai saye daga nesa ba shi da hanyar bambance su, kuma babu ɗan kasuwar da zai ce maka nasa na haƙa ne.

Mai gyaran ya sauya man da katifun, ya gasa ma'ajiyar da na'urar iska mai zafi, ya gaya mini gaskiya cewa wannan jinkiri ne kawai ba magani ba. Haka kuwa aka yi. Kafin damina ta sauka katin ya mutu murus. Na kira wanda ya sayar mini, ya tuna mini cewa garantin gwaji na mako ɗaya ya ba ni, kuma bai yi ƙarya ba, ni na amince da haka. Da sabon na saya, da a lokacin yana cikin garantinsa. Ko da ma katin ya rayu, kwanansa a wurin kamfani ya ƙare: Nvidia ta sanar cewa daga Oktoban 2025 ta daina fitar wa jerin GTX 10 sababbin direbobin wasa, sai gyaran tsaro kawai duk bayan wata 3 har zuwa Oktoban 2028.

Abu mafi wuya shi ne zaunar da yaron. Na ce masa, "Ka faɗa mini gaskiya tun farko, na ƙi ji don kawai kai ne ƙarami. Ka yafe mini." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Kawu, ai ba komai, ƙaddara ce." Na ce masa ƙaddara gaskiya ce, amma taurin kai nawa ne. Na biya shi kasonsa a hankali, daga baya muka sayi katin da ya nuna tun farko. Na biya kuɗin kati sau biyu, ga akwatin wuta, ga kuɗin gyara, ga batirin da ya raunana kafin lokacinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ina nufin duk tsohon kati sharri ne, ko duk sabo alheri ne. Mutumin da eFootball ko FC ko GTA V kawai yake bugawa a allo mai 1080p, GTX 1660 Super mai wat 125 ko GTX 1650 mai wat 75 na hannu za su yi masa aiki, kuma na biyun a mafi yawan samfurinsa ko wayar wuta ta daban ba ya buƙata. Wanda yake jin giga 8 ta yi masa kaɗan, akwai RTX 3060 mai giga 12 da ya fito a Fabrairun 2021, yana shan wat 170, yana kuma da fasahar bin haske da DLSS. A ɓangaren AMD akwai RX 6600 mai wat 132. Sabo ma yana da nasa aibin, domin RTX 5060 da ya fito a Mayun 2025 a kan dala 299 har yanzu giga 8 gare shi. Abin da ya kamata mutum ya fara tambaya ba wane kati ya fi ƙarfi ba ne. Ya tambayi kansa wane wasa yake bugawa, hoto nawa allonsa ke iya nunawa, wat nawa akwatin wutarsa da inbatansa za su iya ɗauka, sannan shekara nawa suka rage kafin kamfani da masu yin wasanni su juya wa katin baya. Wanda ke son sababbin wasanni, kada ya sauka ƙasa da jerin RTX 20 ko RX 6000, komai arhar abin da aka nuna masa.

In kuma na hannu za ka saya, to kada kuɗi su bar aljihunka sai ka ga katin yana aiki a gabanka. A saka shi a kwamfuta, a buɗe manhajar GPU-Z a tabbatar sunan da ke jikinsa shi ne na cikinsa, domin akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna a sayar a matsayin GTX 1050 Ti ko 1060, akwai kuma RX 580 mai lambar 2048SP wanda a haƙiƙa ƙarfin RX 570 gare shi. A kunna FurMark ko wani wasa mai nauyi na kusan rabin awa, kana kallon zafinsa, kana sauraron fankokinsa, kana duban allo ko wani ɗigo zai fito. Ka juya bayansa ka dubi sukurori da launin allonsa. Ka tafi da mai gyara in kai ba ka sani ba, kuɗin shayin da za ka ba shi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da zai tsare maka ba. Duk ɗan kasuwar da ya ƙi yarda a gwada, ya riga ya ba ka amsa. Sannan ka haɗa kuɗin akwatin wuta da kuɗin mita na shekara a kan farashin kafin ka ce ka samu araha.

Da na zauna na yi nazari, sai na ga kurakuraina biyu ne. Na farko, na ari ma'aunin mutanen da wutarsu ba ta yankewa, ɗakunansu ke da sanyi, kuma in kaya ya lalace suna da inda za su mayar, na auna cinikin da za a yi amfani da shi a Barnawa. A wurinsu wat 250 lamba ce a takarda, a wurinmu kuwa ita ce ke yanke ko fanka za ta kai asuba. Na biyu, wanda ya fi muni, na mayar da shekaruna hujja a fagen da yaron ya fi ni sani. Girma yana da wurinsa, amma ba ya karanta bayanan kati, ba ya kuma lissafa batir.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka tara kuɗinka za ka sayi kati, fara duba lambar wat kafin lambar giga, ka nemi tarihin abin da za ka saya kafin sunansa ya ruɗe ka. Ku kuma iyaye da yayye da ake haɗa kuɗi da ku, in yaro ya kawo hujja a kan abin da ya sani, ku saurare shi har ƙarshe kafin ku yanke. Ni na riga na biya kuɗin wannan darasi, babu dalilin da zai sa kai ma ka sake biya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.